Amsa ga Marubuciyar da Jaruminta Ya Saje da Masu Safarar Ƙwaya Ya Faɗa Son Ƙanwar Ubangidansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta littafi a kan wani jami'in NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da aka tura ya ɓad da kama ya shiga gungun masu safarar ƙwaya, sai ya kamu da son ƙanwar ubangidan gungun. Na kai babi na 12 labarin ya tsaya mini cak. Masu karatu suna cewa soyayyar ta yi daɗi, amma aikin jami'in kamar wasan yara. Me zan gyara, kuma ta yaya zan kai ƙarshe?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Daga yadda kika kwatanta, abin da ya tsayar da labarin shi ne kin ɗora tukunya biyu a murhu biyu. Babi ɗaya zance a ƙofar gida, babi na gaba bindiga da tseren mota, kuma abin da ya faru a na farko bai taɓa na biyu ba. Alhali abu ɗaya jarumin yake nema a wajen yayan da wajen ƙanwar, wato yarda. Ranar da ta fara aiko masa da abinci, ranar ya sami dalilin zama a soron gidan da ake ƙulla harkar. Ranar da ya miƙa wa ofis lambar motar da ta ɗauki kaya, ranar ya ƙara wa yayanta shekarun kurkuku, yayan da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Ki bi babukan nan 12 ki tambayi kowanne: me jarumin ya samu na aiki a nan, kuma me samun zai ja masa a wajenta? Wanda ya kasa amsa duka biyun, ko ki haɗe shi da wani ko ki cire shi.

Fara gyara daga gungun, domin a nan ake yawan zamewa. Ƙarti sanye da baƙaƙen kaya a kango suna shan sigari suna kiran wani "Oga" ba su ne masu babbar harkar ƙwaya ba. Babbar harka kasuwanci ce, kuma kamannin kasuwanci take ɗauka. Ki zaɓi kaya iri ɗaya ki san shi sosai. In tiramol ne, mai ƙarfin miligiram 50 da 100 hukuma ta yarda da shi don marasa lafiya, wanda ake kamawa a kwantena kuwa mai 200 ne, 225 ko 250. Mafi yawansa daga Indiya ake yo shi, ya sauka a tashoshin ruwa na bakin teku, ya hauro Arewa a manyan motoci a ƙarƙashin kayan halal, wani ya tsaya a nan, wani ya tsallaka Nijar ya bi ta Agadas ya nufi Libiya. In maganin tari mai kodin ne, ki tuna gwamnatin Nijeriya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC da ya nuna yadda ake karkatar da shi, don haka labarin da ya faru kafin wannan wata da wanda ya faru bayansa ba za su yi kama ba a farashi da yadda ake ɓoyo.

Shi ubangidan, ki ba shi sana'ar da ake girmama shi da ita: kamfanin sufuri, dillancin hatsi, shigo da tayoyi. Yana raba shinkafa da azumi, ya biya wa limamin unguwa kujerar Makka. A ƙarƙashinsa akwai ejan mai fito da kwantena, direbobi biyu ko uku, mai sito, ɗan canjin da yake juya naira zuwa sefa da dala, yaron da yake riƙe da littafin lissafi, da wani mai kaki da ake kai wa nasa kason. Kowa ya san na kusa da shi kawai. Alhajin, wato ubangidan, bai taɓa taɓa katan ɗaya da hannunsa ba, kuma wannan shi ne dalilin tura jarumin. Kama mota da kaya a shinge ba ya buƙatar ɓad da kama. Direba za a ɗaure, a sayo wata motar cikin mako. Abin da hukuma ta rasa shi ne igiyar da za ta ɗaure Alhajin da kayan: muryarsa yana ba da umarni, littafin lissafin, asusun da kuɗin suke kwana. Ki rubuta wa kanki wannan abu guda a takarda, ki san inda yake a ajiye da wanda yake da makullinsa. In makullin ya ratsa ta hannun ƙanwar, kin haɗa tukwanenki biyu ke nan.

Sai sunan aro da tarihin aro, wanda a ƙasar Hausa ya fi wuya fiye da ko'ina. Joseph Pistone, jami'in FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, da ya fara ɓad da kama a 1976 da sunan Donnie Brasco har ya shiga gidan Bonanno, ɗaya daga gungun masu manyan laifuka na Mafiya a birnin Niyok, ya ce musu shi ɓarawon duwatsu masu daraja ne, kuma sai da ya zauna ya koyi sanin lu'ulu'u kafin ya fita. Ya yi watanni yana zama a wuraren da suke taruwa bai tambayi kowa komai ba, sai da suka saba da fuskarsa. Aikin da aka tsara na wata shida bai ƙare ba sai a Yulin 1981. Wannan a birnin da mutum zai yi shekara bai san maƙwabcinsa ba. A nan kuwa, kafin a gama gaisawa an tambaye shi, ɗan ina ne kai, wace unguwa, gidan wa, kuma cikin mutum biyar da ke kan tabarma sai an sami wanda ƙanwar matarsa take aure a layin. Bakinsa ma zai tona shi: Basakkwace ba zai yi wata shida yana Kananci bai zame ba, musamman in ya fusata ko aka tashe shi daga barci.

Don haka ki bar ƙaryar ta tsaya kusa da gaskiya. Sunansa na yanka ya zauna, domin mutum yana juyawa ne in an kira sunan da ya tashi da shi. Sunan uba da gari za a sauya. Karin harshensa ya zauna. Ki ba shi tarihin da ya ba da dalilin rashin dangi a kusa, kamar wanda ya tashi a Agege ko Sabon Ibadan a hannun kawu, ya dawo Arewa neman abinci. Ki ba shi sana'ar da hannunsa ya iya da gaske, tuƙin babbar mota, kanikanci, gyaran waya, domin ranar farko za a miƙa masa sifana ko makulli a koma gefe ana kallo. Kuma kada ki manta da zamani. Tun 2014 aka fara ɗaure asusun banki da BVN, tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layin waya da lambar NIN. Ranar da Alhaji ya ce turo lambar asusunka in sa maka na mai, sunan da zai fito a fuskar waya shi ne jarabawa. Akwai manhajar Truecaller mai nuna sunan da wasu suka ajiye lambar mutum da shi. Akwai hoton ranar yaye su daga makarantar horas da jami'an hukumar a Jos, wanda ƙanensa ya ɗora a Facebook shekara huɗu da suka wuce yana taya shi murna. Kowanne daga waɗannan babi ne guda mai sa mai karatu riƙe numfashi, kuma babu harsashi ko ɗaya a ciki.

A nan zan roƙe ki abu ɗaya. Kada jarumin ya zama ɗan shekara 28 mai babban muƙami, ɗan hamshaƙin attajiri, wanda 'yan jarida suka san fuskarsa. Babba yana ofis yana sa hannu a takarda. Wanda ake turawa ƙarami ne ko matsakaici, mai fuskar da ake mantawa, mai haƙurin zama a benci daga hantsi zuwa la'asar ba a ce masa komai ba.

Ba a shiga gungu sai da wanda ya tsaya wa mutum. Sau da yawa infoma ne, wato ɗan cikin harkar da hukuma ta kama ta juya, ko wanda aka cuta yake neman ramuwa. Ki bambanta su a ranki: jami'i ma'aikaci ne mai rantsuwa da albashi, infoma mai laifi ne da yake sayen kansa, kuma gobe yana iya sayar da jami'in in farashi ya fi. Wanda ya tsaya wa baƙo kuma shi ne farkon wanda ake hukuntawa in asiri ya tonu. Dominick Napolitano, wanda ya jawo Pistone jiki, makonni kaɗan bayan an gane ko wane ne baƙon nasa mutanensa suka kashe shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To ki yi tunanin ranar da yaran Alhaji suka fara zargin jarumin, ita yarinyar ta shiga gaban yayanta ta ce, "Yaya, ni na yarda da shi, in ya ci amanarka ni ka kama." Daga wannan jumla jarumin ba shi da sauran barci, mai karatu ma haka.

Don ki ga yadda ake rubuta saurin dabara da kamun kai, ba sai kin je Amurka ba. A daren Yaƙin Gwalalo Annabi (SAW) ya aiki Huzaifa ɗan Yaman (RA) ya shiga sansanin abokan gaba ya samo labari, ya kuma umarce shi kada ya tayar musu da hankali. Abu Sufyan ya ce kowa ya duba wanda yake zaune kusa da shi, sai Huzaifa ya riga na kusa da shi, ya kama hannunsa ya tambaye shi ko shi wane ne. Daga baya ya sami Abu Sufyan a inda kibiyarsa za ta same shi, har ya ɗora ta a baka, sai ya tuna umarnin da aka yi masa ya sauke. Abu biyu ke nan da jaruminki yake buƙata: ya riga mai tambaya tambaya, kuma ya iya barin damar da ba ita aka aike shi ba.

Wani mutum da littafinki ya rasa, in na fahimci tambayarki, shi ne jami'in da yake kula da jarumin daga waje. Shi kaɗai, da babba ɗaya ko biyu a samansa, suka san aikin. Sauran jami'an reshen ba su sani ba, har suna iya kama jarumin a shinge su lakaɗa masa duka da gaske. Suna da lokacin magana da aka tsayar, da wurin haɗuwa marar jan hankali kamar wajen mai shayi a tasha ko sahun baya a masallacin Juma'a, da kalma guda da in ya faɗa a waya ana nufin a fito da shi yanzu. Shi yake karɓar rahoto, shi yake riƙe da iyaka: jarumin ba zai kashe ba, ba zai yi fyaɗe ko azabtarwa ba, ba zai zama shi ya ƙirƙiro laifin ya zuga mutane su aikata ba. Lokacin da aka ba Pistone aikin kashe wani don a tabbatar da shi cikakken ɗan gida, bai aikata ba, kuma ba a jima ba aka rufe aikin. Ki shirya wa jaruminki irin wannan jarabawa ta matakai: farko a ba shi kuɗi a ga ko zai taɓa, sai a miƙa masa ƙwaya a gaban jama'a a ce sha, sai a ce ya riƙe ƙafar yaron da ake zargi da tsegumi.

Amfanin mai kula da shi ga soyayyar shi ne wannan: da zarar ya ji akwai mace, aikinsa ne ya janye jarumin. Saboda haka laifin jarumin na farko na gaskiya ba a gidan Alhaji zai yi shi ba, a cikin rahoto zai yi shi, ranar da ya rubuta sunayen duk waɗanda suke cikin mota ya tsallake nata. Yanzu yana yi wa ɓangare biyu ƙarya. Wannan ne ya dace da tsakiyar littafi.

Kuma ki ɗauki wannan soyayya da nauyinta, domin a duniyar gaske ta rusa rayuka. A Ingila an gano cewa wasu 'yan sandan ciki da aka tura cikin ƙungiyoyin masu fafutika, ba ma masu manyan laifuka ba, sun ƙulla soyayya ta shekaru da matan da ba su san ko su wane ne ba. Mark Kennedy ya yi shekara bakwai da sunan Mark Stone kafin a tona shi a 2010, kuma a farkon 2011 wata shari'a ta rushe saboda rawar da ya taka. A 2014 rundunar 'yan sandan Landan ta biya wata mata fam 425,000. Ta haifi ɗa da wani jami'i da ya ɓace mata, sai bayan shekara ashirin da wani abu ta gane gaskiyarsa a jarida. A Nuwambar 2015 rundunar ta fito fili ta nemi gafarar mata bakwai, ta amsa cewa abin da aka yi musu yaudara ce da cin zarafi. Abin da ya fi ci wa irin waɗannan mata rai shi ne rashin sanin wanne ne gaskiya a duk abin da ya wuce, dariyar, rarrashin, zuwa jana'izar danginsu. Idan jarumarki ta gano, ta yi kukan shafi biyu, ya durƙusa ya ce aiki ne, ta yafe, kin zalunce ta kuma kin zubar da mafi tsadar abin da ke hannunki.

Al'adarmu ta neman aure ta ba ki agogon da marubutan Turai ba su da shi. A nan ba a shekara ana zance ba a ce turo ba. Wata uku, huɗu, Hajiya, mahaifiyar yarinyar, za ta ce yaron nan in da gaske yake ya turo magabatansa. Daga nan sai bincike: a tura mutum garinsu, a tambayi mai unguwa, a tambayi limami, a tambayi abokan ƙuruciya. Wato gidan da kansa zai yi wa tarihin aron nasa binciken da ko yaran Alhaji ba su yi ba, kuma da kyakkyawar niyya. Ga shi yayan nata, wanda jarumin yake haƙa wa rami, wataƙila shi ne waliyyinta. Ki sa ranar turowar ta zo daidai da makon da babbar kwantena za ta iso, ofis yana cewa ka daure mako uku, gida yana cewa kawunnanka su zo ranar Asabar. Shawarata, kada ki bari a ɗaura auren da sunan ƙarya. In aka ɗaura, sai kin amsa tambayoyi masu nauyi: su wa suka zauna a matsayin wakilansa, shaidu a kan wa suka shaida, in ciki ya shiga sunan wane uba yaron zai ɗauka, alhali Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya ce a kira 'ya'ya da iyayensu maza. Ita kuma tana da damar zuwa gaban alƙali ta nemi a raba auren saboda yaudara. Ana iya rubuta wannan, amma littafin baƙin ciki ne, kuma da wuya mai karatu ta sake ganin jarumin da mutunci. Gara ya tsaya a bakin ramin, yana neman uzuri bayan uzuri, tana zaton ko ya daina son ta ne.

Ita kuma ki ba ta ido. Yarinyar da ta tashi a gidan, ta yi jami'a da kuɗin gidan, ba za ta rasa sanin komai ba. Mafi gaskiya ita ce wadda ta ga alamu ta zaɓi kada ta haɗa su: motocin da ba sa zuwa sai bayan sha biyun dare, sito guda da ba a aiken yara, asusun da yaya ya buɗe da sunanta ya ce na ajiya ne. Wannan asusu ki riƙe shi da kyau. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 7, ta hana kama wani a madadin wani, don haka ba za a kama ta don kawai ita ƙanwa ce ba. Amma in miliyoyi sun ratsa ta asusu mai sunanta, ta shiga zargin halatta kuɗin haram da ƙafarta, kuma gidan da take kwana da motar da take hawa suna cikin abin da kotu za ta iya ƙwacewa. Ita ya kamata ta gano shi, ba wani ya gaya mata ba, kuma ta ƙaramin abu: ya ce mahaifiyarsa ta rasu, amma kowace Juma'a bayan magariba sai ya ɓace minti goma da wata ƙaramar waya, ya dawo da fuskar wanda aka sa wa albarka.

Bayan ta gano, zaɓin nata ne, kuma kowanne da jini a jikinsa. In ta gaya wa yayanta, an kashe wanda take so. In ta yi shiru, ta sa hannu a ɗaure wanda ya raine ta. Tarihin Italiya ya nuna farashin mace da ta juya wa gidansu baya. Rita Atria tana da shekara 17 ta fara bai wa mai bincike Paolo Borsellino bayanan Mafiyar garinsu a Sisili, bayan an kashe mahaifinta da yayanta. Mahaifiyarta ta juya mata baya, kuma mako guda bayan an kashe Borsellino a Yulin 1992 ita ma ta hallaka kanta, daga baya uwar ta je ta farfasa dutsen kabarinta da guduma. Lea Garofalo ta ba da bayani a kan dangin uban 'yarta, aka yaudare ta zuwa Milan a Nuwambar 2009 aka kashe ta, 'yar ce ta tsaya a kotu ta ba da shaida a kan mahaifinta. A gidan Bahaushe makamin da ya fi bindiga shi ne bakin uwa. Hajiya ta ce, "In kika buɗe baki a kan ɗan'uwanki ban yafe miki nonona ba." Ki ba wannan fage babi guda cur, kada ki gaggauta shi.

Game da tsari, in littafin babi 40 ne, ya kamata zuwa na 8 ya shiga gungun, zuwa na 20 ya ɓoye sunanta a rahoto, wajen na 28 zuwa 30 ta gano, samame a wajen na 34. Ki riƙa ba da labarin ta idonsa da ta idonta bi da bi, domin daɗin irin wannan littafi shi ne mai karatu ta san abin da jarumar ba ta sani ba, tana jin kalmar so tana jin ƙaryar da ke ƙarƙashinta. Sau uku ya isa a kusa kama shi, kowanne ya fi na baya tsada: na farko ya kuɓuta da dabara, na biyu ya kuɓuta wani ya sha duka a madadinsa, na uku ita ta rufa masa asiri. In feji-feji kike sakin labarin, wato kashi-kashi, ki riƙa yanke kowane feji a kan tambaya ko shigowar wani, ba a kan an kwanta barci ba.

Samame ba shi ne ƙarshe ba, kuma a nan kusan kowa yake ajiye alƙalami da wuri. Sau da yawa hukuma tana sane take barin kaya su ci gaba da tafiya tana bin su a ɓoye har su isa hannun mai su, dabarar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan safarar miyagun ƙwayoyi ta amince da ita. Kuma akan kama jami'in tare da sauran, a sa masa ankwa, don kada a gane shi nan take. Bayan nan sai aikin takarda: a ƙirga kaya a auna a gaban wanda aka kama, a ɗebi samfur a rufe a sa hannu, a aika ɗakin gwaji, a damƙa sauran ga mai ajiyar kayan shaida. In aka sami giɓi a wannan sarƙa, lauya zai ce ba kayan da aka kama ba ne. Muryar da jarumin ya naɗa a waya sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, har da takardar tabbatar da na'urar, kafin kotu ta karɓa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun, kuma shari'ar ƙwaya a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, inda hukuncin safarar irin su hodar iblis yake iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Shari'ar tana iya cin shekaru, ana ɗagawa, ana neman beli, shaidu suna janyewa.

Babban fagen littafinki yana cikin wannan kotu. Jarumin ya hau akwatin shaida da sunansa na gaskiya, ya yi rantsuwa, tana zaune a bencin baya kusa da Hajiya. Lauyan Alhaji ba zai ɓata lokaci a kan katan nawa ba ne. Zai tambaye shi: "Ka taɓa gaya wa ƙanwar wanda ake ƙara cewa kana son ta?" In ya ce aiki ne kawai, ya ceci shari'ar ya kashe ta a zaune. In ya ce gaskiya ne, lauya zai ɗago rahoton da babu sunanta a ciki ya tambaye shi me kuma ya ɓoye wa ofishinsa, shaidarsa ta raunana, aikinsa ya shiga haɗari. Ki sa ya faɗi gaskiya, ya biya da muƙaminsa ko da kakinsa gaba ɗaya.

In kina so su yi aure, kuma masu karatun soyayya suna da haƙƙin sa ran haka, ki bar lokaci ya wuce, shekara biyu ko uku, ta tsaya da ƙafarta ba da kuɗin yaya ba. Ya dawo da sunan ubansa na gaskiya da kawunnansa na gaskiya, a yi masa binciken da aka fasa, wannan karon a sami gidan da mutanen. Hajiya ba dole ta sa albarka da fara'a ba. Shirunta ma ya isa, ko ta ce a je a tambayi wanda ke kurkuku. Abin da za ki yi yau kuwa, ki koma babi na 3 ko na 4 ki dasa abu uku da za ki girba daga baya: asusun da aka buɗe da sunanta, ƙaramar wayar Juma'a, da fuskar jami'in da yake kula da shi, ko da a wajen mai shayi ne ya miƙo masa sukari bai ce komai ba. Daga nan ki buɗe babi na 13 da Hajiya tana cewa ya turo.